Ƙamshin Lefen Huseina

"Tsaya! Miƙo min leshin nan."

Huseina ta kasa kunne.

Tana laɓe a bayan labulen ɗakinta, ido ɗaya a tsakar gidansu na Fagge, inda mata suka kewaye fantimotin lefenta. Gwaggo Fanta ce ta yi maganar, yayar babanta, matar da ko ruwa aka miƙa mata sai ta taɓe baki kafin ta sha.

Har zuwa lokacin komai na tafiya yadda Huseina ta tsara. Ita ta zaɓi ranar. Ita ta gaya wa Hajo, yayar saurayinta Halilu, mayafin da za ta yafa da wadda za ta fara gaisarwa.

Ita kuma ta cika fantimotin.

Halilu malamin firamare ne a Sabon Gari, a zamanin da kowane ɗan kwangila ke hura hanci a cikin Marsandi. Danginta kuwa Barebari ne 'yan Kantin Kwari, daga nesa suke gane darajar zane. Shi ya sa duk kayan sallar da babanta ya ba ta ta ƙi ɗinkawa, ta adana su a ɗakinta. Da lokaci ya yi ta kai wa Hajo a ɓoye, ta ce a fitar da atamfofin da Halilu ya saya. Ko kallonsu ba ta yi ba.

Gwaggo ta kai leshin hancinta. Ta shaƙa. Ta ɗauki shadda, ta sake shaƙa...

Sai ta yi wata 'yar dariya mai ciwo.

"Hajo kike ko wa? A gidanku wa ke haɗa turaren wuta?"

"Hajiya, mu ai... saya muke."

"To wannan ba a sayar da shi. Da hannuna na haɗa shi, kuma ɗaki ɗaya ake turara shi a gidan nan." Ta wurgar da leshin. "Ikon Allah! An kawo mana kayanmu ana jiran tukuici!"

Tsakar gida ta kaure da shewa.

Wata daga cikin matan ta ce, "Malamin makaranta fa! Da aron amaryar ma ya zo, ya huta."

"Rufe fantimotin, baiwar Allah," in ji Gwaggo. "Shi kaɗai ne naku, ku tafi da abinku."

Hajo ta fita tana share hawaye da mayafin da aka zaɓa mata.

Huseina ta zame ƙasa. Ta yi tunanin komai, komai! Ban da hancin Gwaggo.

Washegari ta ce za ta wajen Felicia mai ɗinki, ta zarce makarantarsu Halilu. An tashi yara, yana tura kekensa. Ya gan ta, bai tsaya ba.

"Malam... don Allah."

"A'a, ranki ya daɗe! Yau kuma me aka tsara mini? Yadda zan yi numfashi?"

"Haba masoyina..."

"Kar ki haba ni. Hular da zan sa, ke. Inda zan tsuguna a gaban Alhaji babanki, ke. Na yi shiru, na ce so ne. Ashe kunyata kike ji."

"Wallahi tsoro nake kar su raina ka!"

"Sun raina ni ne ko ke kika riga su?" Ya dube ta sama da ƙasa. "Sai da na zaga Kasuwar Sabon Gari kaf, ina ɗaga zane ina hango ki a ciki. Wane launi na saya, Huseina?"

Ta buɗe baki.

Sai ta tuna ko kallonsu ba ta yi ba.

Ya yi tsaki ya ɗora ƙafa a feda. Ta riƙe sirdin keken da hannu biyu, a tsakiyar titi, masu wucewa suna kallo.

"Saurara, akwai dabara! Gwaggo za ta Maiduguri biki. In ka bari ta tafi, sai a ce wa Baba..."

"Kin ji ki ko?"

Ta ji kanta. Kunya ta rufe ta har tafin ƙafa.

"Zan sake aiko Hajo," ya ce, muryarsa ta ɗan sauka. "Da abin da hannuna ya saya. Ranar da na ga dama, Gwaggonki tana zaune. In sun kore ta, shi ke nan, kowa ya kama gabansa. Kin yarda?"

Tambayoyi suka cika mata baki. Yaushe? A cikin me? Wa zai rako ta?

Ta haɗiye su ɗaya bayan ɗaya.

Ta saki keken.

"Na yarda."

Jira ya kusa kashe ta. Duk sallamar da aka yi sai ta leƙa tsakar gida. Ranar da Hajo ta zo, Huseina na bakin murhu da zanen aiki, gashi a tsefe.

Gwaggo ta ɗaga atamfar da yatsu biyu. Kore ce shar, da zanen fankar lantarki manya-manya.

"Wannan zane ne ko labulen otal?"

Hajo ba ta sunkuyar da kai ba. "Shi ya saya, Hajiya."

"Ai na gani. Wa zai ba da aron wannan?"

Daga zaure Alhaji ya yi gyaran murya. "Yaya, in nasa ne a karɓa. Allah ya sa albarka."

Gwaggo ta cilla wa Huseina zanen. "Ungo, ke kika ji, ke kika gani."

Ran ɗaurin aure ƙawaye suka shimfiɗa mata lesuka a kan gado, ta tsallake su, ta sa atamfar Halilu. Koren bai karɓe ta ba ko kaɗan, ga wata ƙatuwar fanka ta zauna mata daidai ƙirji. Ƙawarta Sa'adiya ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Huseina, ke ce kuwa? Bari in gyara miki ɗaurin ko ya rage muni."

"Bar shi," ta ce. "Ango na jira."