Faranti Sittin da Ɗaya

Ranar Litinin, a gaban 'yan'uwanta na ƙungiyar 'yan matan jami'a a Mississippi, aka ɓalle wa Darla Pruitt bajin zinariya daga ƙirji bisa zargin sata. Marainiya ce, da aikin kanti take biyan kuɗin ƙungiya, kuma ita ce ma'aji. Shekara uku baya asusun gidan ƙungiyar yana da dala dubu arba'in, bana ko na gyaran rufi babu.

"Wadda ta tashi a wahala ba a ba ta ajiya," in ji Misis Hargrove, tsohuwar 'yar ƙungiya mai kula da gidan.

"Ranki ya daɗe, ko senti ban taɓa ba... abin da hedkwatar ƙungiya ta nema nake biya."

Ba wadda ta dube ta. Aka hana ta teburin gida, aka ce gurbin karatunta ma zai tafi. A kicin take ci tana hawaye, wajen Mis Odessa mai girki, tana roƙon Ubangiji ya wanke ta.

Ranar Juma'a mai bincike ta zo daga hedkwata, aka zauna cin abinci. Ta dubi teburin. "Ina sauran? Mutum casa'in kuke biya wa kuɗi."

Mis Odessa ta dire tiren kaza. "Casa'in? Baiwar Allah, shekara uku faranti sittin da ɗaya nake jerawa. Sittin, tun da suka kori yarinyar nan."

Cokula suka tsaya cak. Ashe Misis Hargrove ce ke aika jerin sunaye da hannunta, kuma duk wadda ta fita ba ta goge ta, don kofin da ake ba reshe mafi yawan 'yan mata ya zauna a falonsu. Kowane suna dala ɗari huɗu da hamsin ake biya wa hedkwata a shekara, daga asusun gidan. Babbar mace, mai jikoki, ta ɗora wa marainiya sata saboda kofi!

"Martabar gidan nake karewa..." in ji Misis Hargrove.

"Cire bajinki," in ji mai bincike. "Kofin ma da shi zan tafi."

'Yan matan suka kasa ɗaga ido. Shugabarsu ta mayar wa Darla bajinta, tana cewa, "Yafe mana, 'yar'uwa."

Mis Odessa ta ja kujera, ta ajiye faranti.

"Sittin da ɗaya. Zauna, 'yata, kar ya huce."