Fitilar Auta da Ma'aunin Gishiri

Akwai wata yarinya, ita ce ƙarama a gidansu, shi ya sa kowa ke kiranta Auta. Ajinsu ɗaya da 'yar kawunta. Tare suke tafiya makaranta, tare suke dawowa, har bencinsu ɗaya.

Wata rana Kawu ya saya wa 'yarsa tankin kifi. Akwatin gilashi ne cike da ruwan gishiri irin na teku. A ciki akwai kifaye biyu masu launin ruwan lemo da ratsin fari.

'Yar Kawu ta kawo hotonsu aji. Malama ta ɗaga shi sama kowa ya gani. Yara suka yanyame 'Yar Kawu da tambayoyi. Ita kuwa Auta ta koma ƙarshen benci, tana ta fiƙe fensirin da tun ɗazu ya fiƙu.

"Auta, ba ki ce sun yi kyau ba," in ji 'Yar Kawu.

"Kifi ne fa kawai," in ji Auta. "Har a kasuwa ana zuba shi a faranti."

Da ta koma gida ko abinci ba ta ci sosai ba. Mama ta taɓa goshinta, ta taɓa wuyanta.

"Babu zazzaɓi. To mene ne? Wani ya doke ki?"

"Ni ma tankin kifi nake so. Wanda ya fi nata."

Mama ta riƙe haɓa. "Gilashi, da ruwa, da wayar lantarki, duk a wuri ɗaya? Ke kam so kike hawan jinina ya tashi."

Baba ya yi dariya. Ya ce idan Auta ta ci jarrabawa zai duba. Auta ta dage da karatu, ta kuwa ci. Ranar hutu suka tafi shagon kifi su uku.

Shagon cike yake da tankuna, ko'ina sai ƙarar ruwa. Mai shagon wani dattijo ne mai tabarau. Ya jera musu kaya a kan tebur, yana bayani a hankali.

"Wannan matatar ruwa ce, ita ke kwashe datti. Wannan kuma yana ɗumama ruwan, don kifin teku ba ya son sanyi. Ga yashi, ga duwatsu. Ga gishirin teku. Kada a kuskura a zuba na girki."

"Wayar nan ba za ta ja min yarinya ba?" in ji Mama.

"Ba za ta ja ta ba, uwargida, in dai ba ta taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu ba."

Sai ya ɗauko wani ɗan abu na roba, mai allura a ciki. Ko kaɗan bai da kyan gani.

"Wannan shi ne ma'aunin gishiri. Kifi ba ya magana, 'yata. Wannan ne bakinsa."

Auta ba ta ko kalle shi ba. Idonta na can saman kanta, kan wata doguwar fitila. Tana yin shuɗi, ta koma ja, ta koma kore. Ta 'Yar Kawu fara ce kawai.

"Baba, waccan nake so."

"Ai akwai ƙaramar fitila a jikin murfin tankin," in ji Baba. "Abu ɗaya zan iya ƙarawa. Ko ma'aunin, ko fitilar. Ke za ki zaɓa."

"Fitilar."

Mai shago ya sauke tabarau ya dube ta. "Kin tabbata?"

"Na tabbata."

"To, zan haɗa miki ruwan farko daidai. Amma ki saurara da kyau. Idan ruwa ya ragu..."

Daidai nan wayar Baba ta yi ƙara, ya fita waje. Mama tana can tana jujjuya wayar lantarki, tana neman inda ta ɓare. Auta kuwa tana gyaɗa kai, amma hankalinta na kan fuskar 'Yar Kawu idan ta ga fitilar nan. Ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnenta ba.

Aka kafa tanki a falo. Mai shago ya ce sai ruwan ya zauna na wasu makonni kafin a saka kifi. Auta ta yi ta ƙorafi, amma ta jira. Daga baya aka kawo mata wani ɗan kifi shuɗi mai wutsiya rawaya. Ta sa masa suna Ɗan Shuɗi.

Ɗan Shuɗi akwai rawar kai. Da ya ga Auta sai ya taho jikin gilashi yana kaɗa wutsiya. Har Mama ta fara yi masa magana idan tana shara.

Sabuwar fitilar ba ta zama a kan murfi. Sai Auta ta cire murfin ta jingine shi bayan kujera. Kullum fitila a kunne, ga ta da zafi. Ruwa ya riƙa raguwa da sauri.

Auta ta ce a ranta, "Ruwan gishiri ne ya ragu, ruwan gishiri zan mayar." Ta dama gishirin teku a bokiti ta zuba. Da ya sake raguwa ta sake damawa. Haka ta yi ta yi.

Ran nan 'Yar Kawu ta zo ganin tanki. Auta ta yi ta danna fitila, ja, kore, shuɗi.

"Ta yi kyau sosai," in ji 'Yar Kawu. Ta hango bokiti a gefe. "Auta, wane ruwa kike ƙarawa? Ina ma'auninki?"

"Ina ruwanki? Don kin ga tawa fitilar ta fi taki."

"Ni ba haka nake nufi ba. Ai ruwan da ake..."

"Kowa ya kula da nasa kifin."

'Yar Kawu ta miƙe. Ta ɗauki takalminta, ta yi wa Mama sallama ta tafi. Mama ta bi Auta da kallo.

"Wannan ba magana ba ce. 'Yar'uwarki ce fa."

Auta ta turo baki.

Ba a daɗe ba Ɗan Shuɗi ya canza. Ya daina zuwa jikin gilashi. Ya laɓe bayan dutse yana numfashi da sauri. Launinsa ya dushe. Auta ta zuba masa abinci, abincin ya nutse ƙasa ko kallonsa bai yi ba.

"Mama, me ya same shi?"

"Ni ina zan sani? Da yaro ne da na taɓa goshinsa." Mama ta leƙa ta nan, ta leƙa ta can. "Babanku ya yi tafiya, shagon ga nisa. Ki tambayi 'Yar Kawu mana."

"Ba zan tambaye ta ba."

Washegari a aji, Malama ta ɗauko wani faranti daga bakin taga. Kwanakin baya ta zuba ruwan gishiri a ciki, ta ce kowa ya sa ido.

"Ina ruwan?" in ji Malama.

"Ya bushe," in ji yara.

"Wannan farin abin da ya rage fa?"

"Gishiri ne."

"Madalla. Zafi yana ɗauke ruwa, amma ba ya ɗauke gishiri. Ruwa ya tafi, gishiri ya zauna."

Auta ta tuna bokitinta. Ta ɗaga hannu a hankali.

"Malama, idan aka yi ta ƙara ruwan gishiri a kai fa?"

"Sai gishirin ya yi ta taruwa, har ya yi yawa."

Auta ta ji hawaye sun cika mata ido. Ashe ita ce ke cutar da Ɗan Shuɗi da hannunta. Abin da zai gaya mata gaskiya kuwa, ta baro shi a kan teburin mai shago. Mutum ɗaya ta sani mai irinsa, ga ta nan zaune kusa da ita.

Da aka tashi, a bakin ƙofar makaranta Auta ta ja hannun rigar 'Yar Kawu.

"Ɗan Shuɗi ba shi da lafiya. Ki yi haƙuri da abin da na faɗa miki. Za ki ara min ma'auninki?"

'Yar Kawu ta harare ta kaɗan. "Ai na ɗauka kifi ne kawai, irin na faranti."

Auta ta sunkuyar da kai.

"Wasa nake yi, sarkin fushi. Mu yi sauri."

Suka biya gidan Kawu suka ɗauko ma'auni da jarkar tataccen ruwa marar gishiri, suka wuce gidan su Auta. 'Yar Kawu ta ɗebi ruwan tanki a ma'aunin. Allura ta haura can sama, ta wuce inda ya kamata.

"Mu juye jarkar duka," in ji Auta.

"A'a. Idan aka canza masa ruwa farat ɗaya, zai ƙara wahala. Kaɗan kaɗan ake yi."

Suka kwashe ruwa kofi ɗaya, suka mayar da marar gishiri. Mama tana tsaye a kansu da tsumma. "Ku goge hannu kafin ku je kusa da soket. Na ce ku goge."

Kullum bayan makaranta 'Yar Kawu sai ta zo da ma'auni. Allura ta riƙa saukowa a hankali. Auta da kanta ta sauke doguwar fitila, ta mayar da murfi.

Wata safiya tana saka takalmin makaranta, sai ta ga abu shuɗi a jikin gilashi yana kaɗa wutsiya. Ta zuba abinci, ya cafke.

"Mama, ya ci! Zo ki gani."

Mama ta fito da gudu, ta dafe ƙirji. "Alhamdulillahi. Yau zan ci abinci da daɗi."

Da Baba ya dawo, Auta ta roƙe shi ya mayar da ita shago. Suka tafi tare da Mama da 'Yar Kawu. Auta ta ɗora fitilar a kan tebur.

"Baba mai shago, za ka canza min da ma'auni?"

Dattijon ya yi murmushi. "Yanzu kam kin zama mai kiwon kifi. To, idan ruwa ya ragu, me ake ƙarawa?"

"Marar gishiri," in ji Auta da 'Yar Kawu a tare.

A hanyar gida Mama ta riƙo hannun Auta.

"Kin ga abin da hassada ta so ta ja miki? Kin zaɓi abin da zai ba 'yar'uwarki haushi, kin bar abin da kifinki ke bukata. Idan wani ya samu abu mai kyau, ki taya shi murna, ki kuma koya a wurinsa."

"Na gane, Mama."

Auta ta juya wajen 'Yar Kawu. "Kifayenki sun yi kyau. Tun ranar farko na so in faɗa."

"Na sani," in ji 'Yar Kawu. "Ai na ga yadda fensirinki ya ƙare."