Baƙar Leda Ɗari Biyu

Ranar da aka fara jifan, Mama tana tsakar gida tana kwashe shanya. Rana ta faɗi, ba a kira magariba ba tukuna, unguwa ta yi tsit kamar an ce kowa ya saurara. Sai wani abu ya faɗo kan kwanon ɗaki, ƙwam, ya gangaro ya tsaya a gaban ƙafarta. Dutse ne, girman dunƙulen hannu, a cikin wata ƙaramar baƙar leda mai huji a gindi, ga jar ƙasa mai danshi manne da shi. Ƙasar unguwarsu fara ce, kuma an yi wata biyu ba a ga ɗigon ruwa ba.

Mama ta ɗaga murya ta zazzagi 'ya'yan maƙwabta ta kan katanga. Baba ya fita da sanda ya zagaya gidan, bai ga ko kyanwa ba. Auta kuwa ta buɗe ƙofar ɗakinta. Ta leƙo, ta ga ledar, ta koma ɗaki ta tura ƙofa.

Auta ita ce ƙaramar 'yarsu. Sati uku ke nan da dawowarta daga wata ƙasa mai nisa, inda ta yi wata shida tana aikin sa kai a gindin wani dutse. An sare itatuwan wurin ƙarƙaf, ruwa na wanke ƙasar yana zubo wa mutane cikin gonaki, shi ne ake tara matasa suna sake dasawa. Abu biyu ta dawo da su. Na farko takardar yabo da ke cewa ta dasa itace ɗari biyu da hannunta, wadda Baba ya sa a gilashi ya rataye a falo, duk baƙon da ya shigo sai ya karanta masa kafin a kawo ruwa. Na biyu wani ɗan tsiro a cikin ledarsa, wanda ta ɓoyo a akwati ta ajiye kusa da tankin ruwa.

Jifan bai tsaya ba. Kullum tsakanin faɗuwar rana da isha'i duwatsu ke sauka, kowanne a ledarsa. Mama ta share ta tara a bokiti, da safe ta tarar da bokitin wayam. A rana ta biyar suka fara jin sara a ƙarƙashin simintin ɗakin Auta, kamar mai haƙa da fartanya, a hankali, ba gaggawa. A rana ta bakwai Auta ta tashi za ta yi alwala ta faɗi. Yatsun ƙafarta sun lanƙwashe ciki, sun murɗe kan juna, numfashinta na fita da ƙyar kamar an ɗaure mata ƙirji da igiya. A asibiti aka yi hoto, aka ɗebi jini, aka ce lafiyarta ƙalau.

Da yammacin ranar suka ji tana ƙirga. Muryar ba tata ba ce, ta wata tsohuwa ce mai kaushi. Ɗaya, biyu, uku, har ɗari biyu. Sai ta yi shiru, ta sake somawa.

"Baban Auta," in ji Mama, "je ka kira Malam."

Malam tsoho ne mai gyaran agogo a bakin kasuwa, ba ya yawan magana, amma kowa ya san ƙirjinsa cike yake da Alƙur'ani. Ya zo bayan la'asar, ya zauna a kan tabarma, ya jira har hasken tsakar gida ya fara dusashewa. Sannan ya nemi tsari ya soma karatu. Yana kaiwa Ayatul Kursiyyu jikin yarinyar ya sanƙare, idanunta suka buɗe, suka tsaya a kansa.

"Ya isa, mai agogo," in ji muryar tsohuwar. "Ina ji."

"Wace ce ke, me ya kawo ki gidan mutane?"

"Ku tambayi wannan mai takardar."

Mama ta yi wuf ta miƙe. "Ke! 'Yata ce kike shaƙewa a gabana! Wata tara na ɗauke ta, ke wace ce da za ki..."

"Zauna, baiwar Allah," in ji Malam. "Bari ta faɗi."

Muryar ta yi ƙasa, amma kowace kalma da zafi take fita. "Itace ɗaya ya rage a kan dutsen can, tsoho mai kogo. A cikinsa aka haife ni. Suka zo da zarto suka ce ya ruɓe, zai faɗa wa mutane a hanya. Na taɓa su? Ban taɓa kowa ba. Na ji suna cewa daji guda za su mayar. Na kwashe jikokina muka koma tsagin dutse, rana ta gasa mu, muna jira. An koya musu aikin a gabana: ka haƙa rami, ka tsaga leda, ka cire ta, sannan ka dasa. Wata shida 'yar nan taku tana yayyafa wa 'yan tsirrai ruwa a rumfa tana waƙa. Ranar ƙarshe mota na jira, mai ɗaukar hoto na jira, layinta bai cika ba. Sai ta dinga jefa su a rami da ledarsu tana turbuɗewa da ƙafa. Saiwa ta fito ba ta ga hanya ba, tana zagaye kanta tana shaƙe kanta. Ina jin su a ƙarƙashin ƙasa. Yadda ta ɗaure su, haka na ɗaure ta."

Baba ya share gumi, ya ce a hankali, "Malam, ko a yanka mata rago?"

"Ba a yanka sai don Allah," in ji Malam, bai ko dube shi ba.

"Rago zai yi mini inuwa?" in ji muryar. "Ka ji mini mutum."

Malam ya gyara zama. "An zalunce ki, na ji. Amma ke ma kin yi zalunci. Uwar nan me ta yi miki? In kin kashe yarinya, wa zai tone su? Ki ji tsoron wanda ya halicce ki ya halicce ta."

"Ƙafafunta nawa ne har tsiro na ƙarshe ya bushe."

"Ba ki da ko yatsa ɗaya. Ki sake ta yanzu. Za ta koma ta gyara ɓarnarta, ba don tsoronki ba, don amana ce ta ci. In kin ƙi, ga littafin Allah, ban gaji ba."

Ya ci gaba da karatu. Yarinyar ta yi ƙara har gilashin taga ya amsa. Can muryar ta ce, "Kwana arba'in. Kafin ruwan can ya ɗauke. Ta kawo ledojin ƙofar gidan nan a ƙirga, ɗari biyu cif. In ɗaya ta ɓace, ni da ita ne."

Malam ya sa ta rantse da Allah, ta rantse. Babban yatsan ƙafar hagu ya yi rawa, ya miƙe, sauran suka biyo baya. A tsakar gida bokiti ya kife da kansa. Auta ta ja dogon numfashi ta fashe da kuka.

Mama ba ta rarrashe ta ba. "Gaskiya ne?"

"Mama, mota ce ke jira, kuma ba ni kaɗai..."

"Na tambaye ki wasu? Mun yi ta yawo da sunanki a baki, ashe binne su kika yi da rai. Kin ba ni kunya a gaban mutum, kin ba ni kunya a gaban aljan."

Ta fita falo ta sauke takardar ta kifa ta a bayan kabad. Ta ɗauki reza ta nufi tanki, ta tsaga ledar ɗan tsiron nan. Saiwarsa ta naɗe ta murɗe, tamkar yatsun 'yarta ɗazu. Ta warware ta da hannu a hankali, ta dasa shi a jikin katanga.

Ranar kwana talatin da takwas Auta ta dawo, ta rame, tafin hannunta duk ya fashe, tana jan buhun ledoji. Cikin tsirran, sittin da uku ta samu da sauran rai. Ragowar ta tone ta sa sababbi. Mama ta tsayar da ita a ƙofar gida, ta hana ta shiga. Rana na faɗuwa suka zazzage buhun, Mama na ƙirgawa, Baba na jerawa.

Ɗari da casa'in da tara.

Suka sake. Ɗari da casa'in da tara. Iska ta tsaya. A saman ɗaki kwano ya yi wata 'yar ƙara, kamar an dafa shi da hannu.

"Wallahi na tone layin duka," in ji Auta. "Wallahi, Mama."

Mama ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta shiga ciki, ta buɗe gwangwanin allura da zare, ta fito da tsagaggiyar ledar da ta cire wa ɗan tsiron. Ta ɗora ta a kan sauran.

"Ɗari biyu," ta faɗa da ƙarfi, tana kallon saman kwano. Ta juyo kan 'yarta. "Ashe daga cikin nasu kika ɗauko na tsaraba. Har a ƙirgen ma sai da kika ci ɗaya."

Ladan ya kira salla. Suka tsaya su uku suna saurare har ya kai ƙarshe. Babu abin da ya faɗo.

"Kawar da buhun nan daga hanya," in ji Mama. "Ki ba itacen can ruwa, sannan ki yi alwala."