Maƙwabtan Gindin Kanya

Ranar wata Talata ce, da almuru, a unguwar Firchin ta garin Jega. Tasalla tana durƙushe gaban murhu tana hura wuta, 'yarta Rahinatu na gefe tana tankaɗe garin tuwo. Maigidan, Gidaɗo, bai daɗe da dawowa daga aiki ba. Ya jingine gatarinsa a jikin rumbu, ya ɗauki buta ya tsuguna zai yi alwala. Kaji sun hau makwancinsu, gari ya yi tsit, ba a jin komai sai kukan kwaɗi daga gulbi.

Sai dutse ya faɗo tsakar gida. Bai zo da ƙarfi ba, ya sauka ne a hankali kamar wanda aka ajiye da hannu. Kafin kowa ya yi magana na biyu ya biyo, sannan na uku, kowanne ya kwanta kusa da ɗan'uwansa. Gidaɗo ya fita ya zagaya bayan danga bai ga kowa ba. Da ya dawo ya tarar Tasalla ta ɗauki ɗaya tana juya shi. Dutsen a shafe yake da farar ƙasa.

Ta ce, "Malam, duwatsun hanyarka na."

Gidaɗo shi ne mai kula da lambun gari. A shekarun nan da Turawa suka fara zama da gindinsu, hukumar En'e ta kewaye wani fili a bakin gulbi, aka dasa mangwaro da lemu, aka kafa kututture na zama a inuwa domin fatake da masu jiran jirgin fito. Gidaɗo aka damƙa wa wurin, tare da hanyoyin ƙafa da suka taso daga kasuwa zuwa mashaya. Shi yake ban ruwa, shi yake sassabe, shi yake toshe inda awaki suka huda shinge. Ya san kowane dashe kamar yadda makiyayi ya san shanunsa, kuma mutane suna girmama shi saboda wannan.

Kwana tara kafin wannan Talata, umarni ya zo cewa Baturen rangadi zai sauka Jega, yana son ya ga hanyar gulbi a miƙe, an jera mata fararen duwatsu hagu da dama. Hanyar kuwa tun zamanin kakanni tana da lanƙwasa guda. Idan ta iso wani ɗan kurmi na sarƙaƙiya mai tsohuwar kanya a tsakiya, sai ta kauce ta zagaye shi. Ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Gidaɗo ya samu fursunoni huɗu suka taya shi, suka sare sarƙaƙiyar, da ta bushe ya cinna mata wuta, aka miƙe hanya ta bi ta gindin kanyar.

Tun daga wannan almuru gidan bai sake zama daidai ba. Kullum rana ta yi ja, duwatsu sai sun sauko, har suka yi layi daga ƙofar zaure zuwa ƙofar ɗakin Rahinatu. Gidaɗo yakan kwashe su da asuba ya mayar bakin hanya, magariba ta yi su dawo. Daga baya aka fara jin takun ƙafafu a tsakar gida, na mutane da yawa, suna shiga suna fita a hankali irin na masu dubiya. Wani lokaci akan ji nishi can ƙasa-ƙasa, da muryar mace tana lallashi. Maƙwabta suka daina aiko 'ya'yansu ɗiban wuta.

A rana ta biyar abin ya faɗa kan Rahinatu. Budurwa ce mai fara'a da yawan waƙa wajen daka. Da yammar nan Tasalla ta hura wuta, harshen wutar na tashi sai yarinyar ta saki tankaɗe ta ƙwalla ƙara, ta ja da baya har ta haɗu da bango. Aka kama ta aka duba, sai ga hannunta na hagu ya tashi bororo tun daga wuyan hannu har gwiwa, alhali ba ta kusanci murhu ba. Daga ranar ba a sake hura wuta a gidan ba. Ko fitilar man gyaɗa aka kunna sai ta yi ta birgima. Suka koma shan fura da gumba, duhu na yi su zauna cikinsa.

Rahinatu ta daina magana. Tana zaune a ƙofar ɗaki, ta rungume hannun, tana jijjiga jikinta gaba da baya. Idan uban ya shigo sai ta ɗago kai ta bi shi da kallo, kallon da ba na 'ya ba ne. Gidaɗo ya riƙa jinkiri a lambu har sai an kira sallah, don kada ya haɗu da idanun nan.

Tasalla ce ta gaji. Ta ce masa ita ba ta san abin da ya taka ba, amma 'yarta tana ƙarewa a gabanta. Ta ji labarin wani malami a Aliero, Malam Arzika, wanda Allah ya ba sanin irin waɗannan al'amura, in shi ba zai je ba ita za ta ɗaura gyale ta tafi da ƙafarta. Washegari da sassafe Gidaɗo ya kama hanya.

Malam Arzika tsoho ne siriri, ba shi da yawan magana. Ya iso Jega a kan jaki bayan la'asar, amma bai nufi gidan ba. Ya ce a fara kai shi wurin aikin. Suka bi sabuwar hanya tsakanin fararen duwatsu har gindin kanya, inda ƙasa take baƙa da toka, rassan ƙasa duk sun babbake. Malamin ya cire takalmansa, ya yi sallama da murya a sarari ga wurin da ba kowa. Ya daɗe tsaye. Sannan ya tambayi Gidaɗo ko ya yi shela kafin ya sa wuta, ko ya ba masu wuri kwana uku su kwashe nasu, kamar yadda manya suke yi. Gidaɗo ya ce aiki ya matsa, bai samu zarafi ba. Malamin ya tambaye shi ko akwai sauran abin da bai faɗa ba. Ya ce babu.

Suka shiga gida rana na faɗuwa. Tasalla ta yi niyyar aro garwashi don turare, malamin ya hana. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da Rahinatu tana fuskantar gabas, uwar ta riƙe ta ta baya. Ya zauna nesa kaɗan ya fara karatu, a hankali, ba ɗaga murya. Duwatsu suka fara sauka kewaye da tabarmar, bai ko dube su ba. Ya yi ta maimaita ayoyi har hasken da ya rage a kan danga ya dusashe. Can sai jijjigar yarinyar ta tsaya. Bayanta ya ranƙwafa, kafaɗunta suka zube, bakinta ya motsa kamar na wadda ba ta da haƙora.

Muryar da ta fito ta tsohuwa ce. Ta ce, "Bari haka nan, Malam. Karatunka na da nauyi, ni kuwa na gaji."

Malam Arzika ya yi mata sallama, ta amsa cikakkiya. Ya tambaye ta ko ita Musulma ce, ta ce tun kafin a gina masallacin garin nan. Ya ce to don me take zaluntar yarinyar da ba ta yi mata komai ba.

"Tambayi ubanta," in ji muryar. "Kwana ukku na roƙe shi. Kwana ukku kaɗai."

Malamin ya juya ya dubi Gidaɗo. Gidaɗo ya sunkuyar da kai, sannan ya faɗi abin da ya ɓoye. Ranar da zai sa wutar, da tsakar rana, wata tsohuwa mai baƙin zane ta fito daga bayan kanyar. Ta ce masa ya yi wa Allah ya jinkirta, suna da marar lafiya a ciki, ba ta iya tashi. Ya ɗauka mai tsintar itace ce da hankalinta ya taɓu. Amma da ya waiwaya bai ga sawunta a kan ƙasa ba, kuma zuciyarsa ta gaya masa ko wace ce. Ya tuna saura kwana biyu a zo duba aiki. Ya ƙyasta wuta.

Tasalla ta saki wani ɗan sauti, amma ba ta saki 'yarta ba.

Tsohuwar ta ce shekara da shekaru suna zaune a gindin kanyar, mutanen gari na zagaye su, su kuma ba su taɓa tsorata ko akuya ba. Sau nawa suka kori maciji daga lambun wannan mutum yana ban ruwa bai sani ba. 'Yarta guda ce, ita ce ke kwance, wuta ta cim mata kafin a janye ta. Yanzu ga hanya ta ratsa tsakiyar ɗakinsu, duk mai zuwa gulbi sai ya tsallake majinyaciya.

"Shi ɗanɗana abin da nike sha," ta ce. "In ɗiyata ta tashi, ɗiyarshi ma ta tashi. In ta tafi, su tafi tare."

Malamin ya ce mata wannan ba hukuncin Allah ba ne, wani ba ya ɗaukar laifin wani, kuma ita ta san haka. Ya ce mai laifi ga shi zaune, ta faɗi abin da take bi, a biya ta, amma yarinya a sake ta yau. In ta ƙi, zai ci gaba da karatu har gari ya waye, ya kuma ɗora gobe, shi bai da wurin zuwa. Takun ƙafafu ya zagaya tabarmar ya tsaya, kamar ana shawara.

Da ta sake magana sai ta ce a fitar da hanya daga ɗakinta, ta koma inda take. A mayar da sarƙaƙiya, Gidaɗo da hannunsa, ba fursuna ba. Kada a sake kai wuta wurin. Gidaɗo ya san abin da wannan yake nufi ga aikinsa, domin Baturen ya ga hanyar ya yaba, kuma zai dawo bayan damina. Ya dubi hannun 'yarsa, ya ce ya ɗauka, Allah ne shaida.

Ya ƙara da cewa, "Ki gafarce ni, baiwar Allah."

Muryar ta ce, "Wannan ban iya ba tukuna."

Malam Arzika ya sa ta rantse ba za ta dawo ba, ita da duk nata, ta rantse. Ya ce ta fita ta yatsan ƙafa, kada ta taɓa ido ko kunne. Rahinatu ta miƙe ƙafarta ta hagu, ƙaramin yatsan ya yi rawa, ta yi atishawa sau uku ta sulale jikin uwarta. Aka ji takun ya nufi zaure, ya yi nisa, ya ɓace ta wajen gulbi. Bayan ɗan lokaci ta buɗe ido ta ce, "Inna, ƙishirwa nike ji."

Gidaɗo ya cika alkawari. Sati biyu yana kwashe duwatsu yana mayar da su kan tsohuwar lanƙwasa. Ya haƙo 'ya'yan sarƙaƙiya daga daji ya dasa, yana ɗauko musu ruwa a tulu safe da yamma. Da Baturen ya dawo ya ga hanya ta sake karkacewa, ya tambaya ta bakin tafinta. Gidaɗo ya ce wurin yana da masu shi. Aka karɓe lambun daga hannunsa aka ba wani, shi aka bar shi a cikin masu ɗiban ruwa. Sabon mai lambun ya ji labari, bai taɓa lanƙwasar ba.

Hannun Rahinatu ya warke ya bar tabo. Ta koma daka da tankaɗe, amma waƙar ba ta dawo sosai ba. Ta taɓa gaya wa uwarta cewa duk kwanakin nan tana kwance ne a wani ɗaki mai sanyi, kusa da wata yarinya sa'arta, suna riƙe da hannun juna, kuma yarinyar ba ta taɓa yi mata kallon ƙiyayya ba.

Wata yamma bayan an gama girbi, tana cikin daka sai ta tsayar da taɓarya. Ta karkata kai kamar mai sauraren kira daga nesa. Hawaye suka zubo mata. Da muryarta ta kanta ta ce, "Baba, yarinyar nan ta rasu."

Suka zauna suna jira har duhu ya rufe su. Ba abin da ya taɓa Rahinatu, a ranar ko bayanta.

Da gari ya waye Gidaɗo ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya naɗe tabarma a hammata, ya tafi bakin lanƙwasar. Ya cire takalmi, ya yi sallama, ya shimfiɗa ya zauna da carbi a hannu. Kwana uku yana zuwa tun hantsi har la'asar sakaliya. Masu zuwa gulbi suka ga zaman makoki ne, wasu suka riƙa tsugunawa su yi addu'a su wuce. A rana ta uku wani baƙon falke ya sauke kayansa, ya shafa fatiha, ya yi masa gaisuwar haƙuri, sannan ya tambayi wa aka rasa.

Gidaɗo ya ce, "Ɗiyar maƙwabciyata ta."