Tsohuwar da Ta Ƙi Yin Shiru

A can wani zamani an yi wata tsohuwa da ta sha bauta tun ƙuruciya, daga baya ta sami 'yanci. 'Ya'yanta sukan ce, "Inna, daina ba da labarin nan, abin kunya ne."

Takan ce, "Kunyar ta wanda ya sayar da ni ce."

Ta faɗa a bakin rijiya, ta faɗa a gidan suna, ta faɗa a kasuwa, yadda mahara suka sure ta, ƙanenta ya ɓuya cikin rumbu.

Ran nan a kasuwa wani tsoho mai sayar da igiya ya ji ta. Ya yar da kayansa ya ce, "Yaya Lanti? Ni ne na cikin rumbun!"

Suka rungume juna, kasuwa ta kaure da guɗa.