Ƙuri'ar Ranar Lahadi

A bakin famfo Takuma ya fara ganin Mizuho, ranar taron matasan majami'un Baptis na Fukuoka a Japan, tana kankare tukunyar miyar kori. Ya ce zai taya ta. Ta kalle shi sama da ƙasa.

"Da wannan farar rigar? Kai dai riƙe mini soso, ɗan gata."

Tun daga ranar ya zama Ɗan Gata, ita kuma Mizu tasa. Shekara ba ta zagayo ba suka fara maganar aure.

Abu ɗaya Mizuho ta roƙa: yayanta Sousuke, wanda ya riƙe ta tun rasuwar iyayensu, shi zai kaɗa piyano ranar bikin. Sousuke kuwa da namiji yake zaune, abokin rayuwarsa shekara tara. Majami'arsu ta yi wata shida tana muhawara, da kuka da addu'a, kafin ta bar shi a kan kujerar piyano. Ta su Takuma, inda za a ɗaura auren, ba ta yarda da haka ba, kuma mahaifinsa ne sakatarenta.

"Yarinyar ba ta da aibu," in ji mahaifin. "Amma Littafi bai canja ba don kana soyayya."

"Baba, su ma fa Baptis ne."

"Su suka yanke nasu. Mu ma mu za mu yanke namu."

Cikin zafin zuciya Takuma ya kai ƙara hedkwatar tarayyar majami'u. Amsar layi biyu ce: ba su da ikon umartar kowace majami'a. Da labarin ya fito, har masu tausaya masa suka ji haushi, wai ya tsallake 'yan'uwa. Fasto ya ce, "Ɗana, ni ma ƙuri'a ɗaya gare ni."

Ranar Lahadi bayan sujada aka ɗaga hannu a kan ko a bar Sousuke ya kaɗa piyano a bikin. Sha tara suka yarda, ashirin da uku suka ƙi. Takuma na kallo mahaifinsa ya ɗaga nasa cikin masu ƙi, kansa a sunkuye.

Saƙon Mizuho ya shigo washegari:

"Ka sa an ɗaga hannu a kan Yayana kamar ana maganar gyaran rufi. Tun jiya bai ci komai ba. Ya ce in yi aurena, shi zai zauna gida. Ba zan iya ba, Takuma."

Ya daɗe yana kallon sunansa na gaskiya a maimakon Ɗan Gata kafin ya rubuta:

"Na yi kuskure, Mizu tawa. Ki ba ni mako guda."

Ya durƙusa gaban mahaifinsa ya nemi takardar komawa majami'ar su Mizuho. A majami'ar da zai bari fa aka yi masa baftisma, a nan aka yi jana'izar mahaifiyarsa. Tsohon ya riƙe takardar kwana huɗu. A na biyar ya ɗauko hatimin majami'a ya danna.

"Ban canja ra'ayi ba. Amma bangaskiya ba a ɗaure ta da igiya. Je ka."

Ranar auren, a majami'ar su Mizuho, Sousuke ya kaɗa piyano, hawaye na ɗiga kan yatsunsa. Mahaifin Takuma ya zauna a benci na ƙarshe, bai rera ko baiti ɗaya ba. Da aka tashi, ya tsaya gaban amarya ya rusuna sosai.

"'Yata, ga shi nan. Ubangiji ya zaunar da ku lafiya."

"Amin, Baba," in ji Mizuho.

Lahadin da ta biyo baya, a tasha ɗaya uba da ɗa suka tsaya, kowa ya hau jirgin ƙasa zuwa majami'arsa.