Kujerar Kusa da Taga

"Ba zan shiga ba, Vukašin."

"Dunja, fito daga motar nan."

"Na ce ba zan shiga ba!"

Muna ƙofar gidansu a Čačak ranar slava, bikin waliyyin gidansu. Ƙamshin gasasshen rago har titi. A makon nan aka fitar da ni a zagayen farko na gasar tanis a Belgrade. Wata 'yar shekara sha bakwai ta yi min kaca-kaca a gaban 'yan ƙasarmu.

Marigayi baban Vukašin ne ya fara sa min raket a hannu. Ina shekara sha uku aka tura ni makarantar tanis a Sifen. Vukašin ya zauna, yana koyar da yara a jan filin tanis na babansa. Yau yake so ya gaya wa mahaifiyarsa, wadda nake kira Teta Zorka, wato Inna Zorka, cewa aure za mu yi.

"Ranki ne ya ɓaci don an doke ki? Ai ni ma kullum ina doke ki muna yara."

"Ƙarya kake, tsoho!"

"To mene ne, ruhina?"

Na kalli gwiwata mai tabon tiyata.

"Mamanka ba ta gayyace ni ba. Bara ina garin nan, bara waccan ma haka. Na zauna da waya a hannu har yamma. Tun da na daina cin wasa..."

Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni.

"Gayyata kike jira?"

"Sai in faɗo gidan mutane haka kawai?"

"Dunja... ta gayyace ki kina shekara sha biyu."

"Wancan ai na wancan lokacin ne."

"Sifen ta cinye miki kai! Sau ɗaya ake gayyatar mutum slava. Daga nan zuwa kawai yake yi, kowace shekara, har ya mutu. Wanda ya daina zuwa, shi ya yanke zumunci."

Na san wannan. Kowane yaro a nan ya sani. Ban san inda na yar da shi ba.

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Na ɗauka kin fi ƙarfin gidanmu. Ita ma haka ta ɗauka. Amma duk shekara sai ta ajiye miki kujerar kusa da taga, ta hana kowa zama."

Da in tafi, da in fito, ban san wanne ya fi ba. Na fito.

Falon cike yake. Kyandir na ci gaban hoton waliyyi. Surutu ya ɗauke, ban da kawun Vukašin, Kawu Radoje, da ya ɗaga kofi.

"Ga zakarar zagayen farko!"

"Rufe bakinka, Radoje," in ji Teta Zorka.

Ta tsufa. Ta miƙo min tasar dafaffiyar alkama da cokali, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Na ci cokali ɗaya.

"Teta... laifina ne. Na ɗauka..."

"Bugunki na hagu ya lalace. Na gani a talabijin."

"Mama, muna da magana," in ji Vukašin.

"Na sani. Ba makauniya ba ce ni."

Na nufi kujerar kusa da taga in ɓoye fuskata. Kafin in kai, Teta Zorka ta janye ta, ta tura wa wata maƙwabciya. Na tsaya a tsakiyar falo, kowa na kallona. Na ce a raina, na cancanta.

"Ina za ki?" ta ce. "Baƙi ke zama ranar slava. Mutanen gida a tsaye suke."

Ta ɗora min tiren nama a hannu, mai nauyi, mai zafi.

"Fara da Radoje, surukata. Ki ba shi ƙashi."